Ana nan, ana nan: idan tatsuniya ta zama littafi, kuma mata biyu ne a tsakiyarsa

A kasuwar littattafan Turanci akwai wani irin gajeren littafi da ya samu gindin zama. Marubuci yakan ɗauko tatsuniyar wata al'umma, da aljanunta da dodanninta, ya sāke mata gini, sannan ya sa mata biyu a tsakiya waɗanda abin da ke tsakaninsu ya wuce ƙawance. Tsawonsa ma yana da ma'auni. Masu kyaututtukan adabi na Hugo da Nebula suna lissafa irin wannan matsakaicin labari daga kalma 17,500 zuwa 40,000. Ya fi labarin gasar Hikayata ta BBC Hausa nesa ba kusa ba, tunda ita ba ta wuce kalma 1,500, amma bai kama ƙafar littattafan nan da ake sakin su shafi-shafi a WhatsApp har wata shida ba. Mai karatu Bahaushe da ke Gadarif ko Sinnar ko Umdurman a Sudan, idan ya gama irin wannan littafi, tambayar da ke zuwa masa ita ce: da a ce da tatsuniyarmu aka yi shi fa, a bakin koginmu, me zai tsaya, me zai rushe?

Na san batun mai nauyi ne a wurinmu. Ba fatawa na zo bayarwa ba, hukuncin addini sananne ne kuma yana da masu shi. Ginin labarin nake dubawa, kamar yadda magini zai duba katanga ko da ba shi zai kwana a ɗakin ba. Abin da na gani kuwa shi ne, yawancin irin waɗannan littattafai a wajen tatsuniyar suke faɗuwa tun kafin a zo maganar soyayyar. Sai ka ga an yayyafa aljana a babi na farko kamar gishiri, an yayyafa tsohuwa mai magani a na biyar, amma in ka tsame su duka labarin bai rasa komai ba. Wannan ado ne aka yi da tatsuniya, ba a gina komai a kanta ba.

Matsalar farko ta lissafi ce. Tatsuniyar da haboba za ta yi wa jikokinta bayan isha'i, in ka rubuta ta, da wuya ta wuce kalma dubu ɗaya ko dubu da ɗari biyar. Duba waɗanda Frank Edgar ya tattara a kundi uku tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Malam Shaihu ya rubuta wa Rattray aka buga a 1913: da yawansu shafi biyu ne ko uku. To yaya dubu ɗaya za ta zama dubu ashirin? Hanyar da aka fi bi, kuma ita ce mai kashe labari, ita ce ƙara mutane. A kawo kishiya, a kawo uwar miji, a kawo wani attajiri daga Jidda mai neman aure, a kawo boka. Kafin babi na shida an koma labarin gidan aure irin wanda kowa ya sani, 'yar ruwan da aka fara labarin dominta tana can gefe tana jiran a tuna da ita.

Wurin da ya kamata a faɗaɗa yana cikin tatsuniyar kanta, a inda mai bayarwa take cewa "ana nan, ana nan". Da waɗannan kalmomi huɗu takan tsallake wata bakwai. Yarinya ta shiga gidan dodo, ana nan ana nan, sai ran nan. Me suka ci a watannin nan? Wa ya fara yi wa wani dariya? Yaushe tsoro ya koma sabo? Tatsuniya ba ta da lokacin wannan, domin yara za su yi barci. Littafi kuwa nan ne gonarsa. Duk kalmar da za a ƙara, a zuba ta cikin wannan rami, a bar ƙashin bayan tatsuniyar yadda yake: rashi, tafiya, gamuwa, sharaɗi, karya sharaɗi, biya.

Bari in ƙirƙiri misali don maganar ta zauna. A ce wata bazawara, Hauwa'u, shekararta ashirin da bakwai, tana zaune da habobarta a wani ƙauye a bakin Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, tana sayar da godo-godo a bakin kasuwa. Zawarcin nan da gangan na zaɓe shi. Budurwa a ƙauye idon kowa yana kanta, matar aure kuma ba ta fita sai da izini, amma bazawara tana da ɗan sarari, za ta iya zuwa wanki bakin kogi ita kaɗai ba a tambaye ta ba. Labarin da jarumarsa ba ta da hanyar zuwa wurin da abin zai faru, dole marubuci ya riƙa ƙago dalilan ƙarya, mai karatu kuma yana ganewa. Ran nan munduwar mahaifiyarta marigayiya ta sulluɓe cikin ruwa. Washegari ta same ta a kan dutsen wanki, an goge ta tana ƙyalli. Ta sāke yar da wani abu da gangan, ya dawo. A karo na uku ta zauna ta jira ta ga mai dawo da shi.

Kafin a ci gaba, kogin nan sai an san shi. Daga Tafkin Tana na Habasha yake tasowa, ya haɗu da Farin Nilu a Mugran cikin Khartum. Yana fara cika a Yuli, ya kai maƙura a Agusta zuwa farkon Satumba, jajir da laka, yana jan itatuwa. A wannan lokaci babu mai ganin munduwa a ƙasan ruwa, don haka wanda ya rubuta "ruwa garai-garai kamar madubi" a watan Agusta ya nuna bai taɓa tsayawa a gaɓar ba. Bayan ruwa ya ja ake noman juruf a lakar da ya bari. Sanyi a Disamba da Janairu, zafi mai tsanani a Afrilu da Mayu, sannan habub ya taso da ƙura kafin damina. Shekara guda ta kogi ta ishi labarin duka, daga cika zuwa cika, kuma ita ce za ta zama agogonsa. Sai dai a zaɓi zamani tun farko, domin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, da ta Rusairis a 1966, da babbar ta Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020, kowace ta canza halin kogin. Ƙauyen da ke sama da madatsa ruwan gabansa ba ya janyewa yadda na ƙasa da ita yake yi. Ni a ganina shekarun farko sun fi daɗin aiki, lokacin da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno suka sauka kudu da Sinnar bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Mutane ne baƙi a bakin kogin da ba su san aljanunsa ba, shi ma bai san su ba.

Yanzu sharaɗi, wanda shi ne zuciyar abin. Babu kyautar aljani a tatsuniyarmu da ba ta zo da "amma" ba. Ta-kitse kyakkyawa ce, amma kada ta kusanci wuta. 'Yar bora da aka tura wanke kirgi an ba ta ƙwai, amma akwai inda za ta fasa shi da inda ba za ta fasa ba. Sharaɗi mai kyau yana da siffofi da ba a wasa da su. Ya zama jimla ɗaya da yaro zai iya maimaitawa. A faɗe shi da wuri, kafin a ci kashi ɗaya cikin huɗu na littafin, domin mai karatu ya ɗauke shi a ka kamar tulu har ƙarshe. Sannan abin da zai karya shi ya zama aiki na yau da kullum, irin wanda mutum zai yi ba da mugun nufi ba. Sharaɗin da sai an haɗa layu bakwai da jinin baƙin zakara kafin ya karye ba ya tsorata kowa, tunda ba zai faru bisa kuskure ba.

A misalinmu, 'yar ruwan da take dawo da kayan ta yarda ta hau tudu ta zauna a gidan a matsayin baƙuwar da ambaliya ta raba da danginta. Ta faɗa wa Hauwa'u sunanta sau ɗaya, suna tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, ta ce: "Sunana na ruwa ne. Ranar da kika kira shi ƙafarki a kan busasshiyar ƙasa, kogi zai karɓe ni."

Dalilin da ya sa na zaɓi suna, a nan ne Hausa take da abin da littafin Turanci ba shi da shi. A al'adarmu mace ba ta faɗar sunan mijinta, uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Sai a ce "maigidan", a ce "shi", a ce "yaron nan". Rashin faɗar suna a wurinmu shi kansa magana ne, kuma kowa yana jin ta. Hauwa'u tana kauce wa sunan ne don tsoron kogi. Amma matan unguwa ba su san da kogi ba. Abin da suke gani shi ne mace tana cewa "mutuniyar", tana cewa "ita", tana sunkuyar da kai in an tambaye ta. Wata bakwai ana haka. Sai ran nan haboba tana soya bunna, wato ƙwayar gahawa, a kasko za ta haɗa jabana, ba tare da ta ɗago ba ta ce: "Ke Hauwa'u, wannan baƙuwar taki ɗan farinki ce ko mijinki, da bakinki ba ya iya ɗaukar sunanta?" Da wannan tambaya ɗaya an gama faɗin abin da wani marubuci zai ɓata babi uku yana bayani. Kuma ita Hauwa'un a lokacin ne za ta gane cewa ko da babu sharaɗin, yanzu ba za ta iya faɗar sunan ba. Dokar aljanu da alkunyar mutane sun haɗu a wuri ɗaya, kowace tana tura 'yar uwarta. Irin wannan nake nufi da gina labari a kan tatsuniya.

Wani wurin da kwaikwayo yake kai marubuci ya baro shi shi ne alamun kusanci. A littafin da aka rubuta don mutanen Amurka ko Ingila, mace ta riƙe hannun mace babban al'amari ne, a kansa ake rufe babi. A wurinmu wannan ba komai ba ne. Mata suna yi wa juna kitso, kan ɗaya a cinyar ɗaya. Suna yi wa juna lalle da dilka, suna zama kusa da mai shiga duhan, wato turaren hayaƙi, suna hira, suna kwana a angareb guda in an yi baƙi, suna ci a kwano ɗaya. Ƙawance ma a wurin Hausawa abu ne mai tsari da ƙa'ida. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mace take zaɓar ƙawa, a yi musayar kyauta, a riƙa yi wa juna biki a suna da aure, zumuncin ya ɗore shekaru. Saboda haka in ka rubuta cewa hannunsu ya haɗu a kan guga zuciyarta ta buga, mai karatu a Kassala zai ce to sai me.

Alamar a wurinmu a juye take. Abin da ke nuna wani abu ya canza shi ne nisa. Wadda jiya take zuba kanta a cinyar ƙawarta a yi mata kitso, yau ta ce za ta je wurin makitsiya ta biya kuɗi. Wadda suke ci tare, yau ta ce ta ƙoshi, ta ɗebi nata daban. Ta fara gyara tob, wato mayafinta, in ɗayar ta shigo. Kunya ta shiga inda da babu ita. Marubucin da ya gane wannan ba ya buƙatar buɗe ƙofar ɗaki ko sau ɗaya, kuma labarinsa zai fi zafi a kan na wanda ya buɗe. Wanda ya koma batsa, ban da abin da zai jawo wa kansa, ya ma fita daga tatsuniya gaba ɗaya, domin ita tatsuniya da sakaya zance take aiki.

Akwai kuma kalmar da kowa ya sani, maɗigo. Kalma ce ta aiki, kuma ta zagi. In mai ba da labari ya ɗauke ta a bakinsa, littafin ya zama kotu. Wurinta ɗaya ne, bakin maƙwabciya mai gulma, sau ɗaya, a daidai lokacin da ake son mai karatu ya ji yadda kalma guda take rage abu mai faɗi ta mayar da shi abin jifa. In aka maimaita ta sau biyar ta daina ciwo.

Waƙa fa? Tatsuniyar da babu waƙa kamar miya ce babu daddawa, amma nan ma ana ɓarna. Wasu sukan rubuta baiti goma sha biyu irin na rubutacciyar waƙa, da amsa-amo da karin Larabci, mai karatu ya tsallake. Waƙar tatsuniya layi uku ce ko huɗu, da kalmomin da ake magana da su, kuma amfaninta yana cikin maimaici. Ga irin wadda Hauwa'u za ta iya yi a bakin ruwa:

Bahar Azraƙ ka cika ka kawo,
Ka kawo itace, ka kawo laka,
Abin da na ba ka ajiya bara,
Shi kaɗai ne ba ka kawo ba.

Sau uku za ta fito a littafin, kada ta wuce. A karon farko munduwa take nufi, ko mahaifiyarta. A karo na biyu, bayan baƙuwar ta zauna, layi biyu na ƙarshe su juya: abin da ka ba ni ajiya bara, shi kaɗai ne ban mayar ba. A karo na uku ta koma yadda take da farko, kalma ɗaya ba a canza ba, amma yanzu kowa ya san wa ake nufi. In marubuci ya tsaya yana fassara wa mai karatu ma'anar canjin, ya zubar da ita.

Game da rabon babi, abin da na ga ya fi zama shi ne babi goma sha biyu, kowanne wajen kalma 1,800, jimilla ɗan abin da ya haura dubu ashirin da ɗaya. Biyu na farko gida da kogi da munduwa, na uku sharaɗi. Daga na huɗu zuwa na takwas "ana nan ana nan" ɗin ne, kusan rabin littafin, kuma a nan ake gane marubuci: baƙuwa tana koyon tuƙa asida, tana tsoron murhu, tana mamakin yadda mutane suke ajiye ruwa a zir kamar ɗan kurkuku, fatarta tana tsagewa da zafin Afrilu har sai an riƙa jiƙa mata zane da dare. Tambayar haboba a na tara. Na goma sharaɗi ya karye. Yadda zai karye kada ya zama cin amana ko tsautsayin banza. Gobara ta tashi a rumfunan kasuwa, hayaƙi ya rufe ko'ina, baƙuwar tana tafiya wajen wutar ba ta sani ba, an kira "ke, ke" ba ta juyo ba, domin mata ɗari ne a wurin. Abu ɗaya ne zai sa ta juyo. Hauwa'u tana tsaye a kan ƙasa busasshiya ƙamas, ta sani sarai, ta kira. Na goma sha ɗaya tafiyar nema ce, da tsohuwar da za ta ce a cuɗa mata baya, da gwaji uku, kuma a yi shi da sauri, mai karatu ya san hanyar tun yana yaro.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi, kuma masu ilmi ma suna yin sa, shi ne zuba duk halittun ɓoye a tukunya ɗaya. 'Yan ruwa daban, iskokin bori daban, zar daban. Iskokin bori suna da gari, Jangare, suna da sarauta da dangantaka da halaye sanannu: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima mai kyauta da caca, Kuturu, Malam Alhaji. Wanda suka hau doki ne ko goɗiya, kuma ana girka. Inna kuwa abar tsoro ce, sunanta ne a cikin "shan inna". Wanda ya ɗauko Inna ya mayar da ita kyakkyawar masoyiya mai tattausar murya saboda sunan ya yi masa daɗi, duk tsohuwar da aka karanta wa za ta yi salati. Zar na Sudan yana da shaiharsa mai jagora da turarensa da zarurrukansa, wato rukunan iskokinsa, kuma ko da yake ana kiran wani reshensa zar bori, ba tsari ɗaya ba ne da na ƙasar Hausa. Mutanen bakin Nilu kuma suna da nasu mazauna kogi, banatul hur, waɗanda ake girmamawa, shi ya sa a wasu wurare ake kai amare da masu jego bakin ruwa su wanke fuska. Ga labarin da aka kafa a Sudan, waɗannan ne maƙwabtan 'yar ruwanmu na gaskiya. Mafi kyau ma a bar mutanen ƙauyen su yi gardama a kanta: tsofaffin da suka zo daga yamma su ce 'yar ruwa ce, maƙwabtansu Larabawa su ce cikin banatul hur take, liman ya ce aljani dai aljani ne. Ita kuma kada ta taɓa warware musu.

Haka nan ana iya aro daga ahaji, wato tatsuniyoyin Larabawan Sudan, tunda yaranmu da su suka tashi tare da namu. Fatima Samha da ta ɓuya cikin fatar tsoho labari ne da kowace haboba ta sani, kuma ɓuya cikin fatar wani ya dace da irin wannan littafi kamar an auna. Amma aro ɗaya ya isa. Na biyu ya fara zama baje koli.

Harshe. Hausar Sudan ta sha Larabci, har Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi littafi guda a kan yadda take sajewa da shi. Marubuci yana tsakanin rami biyu: ya rubuta Hausar Kano tsantsa, mutanensa su zama ba 'yan nan ba, ko ya cika Larabci har mai karatu a Katsina ko Maraɗi ya ajiye. Abin da ke aiki shi ne a bar Larabcin a kayan gida da na titi da sunayen dangi, jabana, angareb, zir, kisra, haboba, uku ko huɗu a shafi, jimlar da ke kewaye da kalmar ta nuna ma'anarta, ginin jimla kuwa ya zauna Hausa. Ita 'yar ruwan a ba ta wata Hausa dabam. In daga bakin matan farko da suka sauka a gaɓar ta koya, to tsohuwar Hausar yamma za ta yi, ta ce "ɗiya", ta ce "mi", ta ce "tahi", babu Larabcin kasuwa ko ɗaya. Haboba za ta ji maganar kakarta a bakin yarinya, tsigar jikinta ta tashi, tun kafin kowa ya zargi komai.

Sannan a tuna da yawa daga cikin Hausawan Sudan da na Makka da Jidda da haruffan Larabci suka yi karatu, Hausar boko da ƙ da ɗ da ɓ tana yi musu nauyi ko da suna jin harshen sarai. Irin wannan littafi da kunne za su karɓe shi. Babi mai kalma 1,800 yana ɗaukar wajen minti goma sha uku zuwa sha biyar in an karanta a natse. Don haka a gwada kowane babi da baki kafin a sake shi. Jimlar da numfashi ya ƙare kafin ta ƙare, a raba ta.

Ba zan tsallake maganar doka ba, domin rashin saninta ba ya kare kowa. A Sudan dokar laifuka ta 1991 tana nan. Gyaran Yuli 2020 ya cire kisa da bulala daga sashe na 148 mai magana a kan luwaɗi, amma ɗauri bai tafi ba, kuma sashe na 151 da ke magana a kan ayyukan alfasha yana da faɗi. A Saudiyya sashe na 6 na dokar laifukan intanet ta 2007 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan uku ga wanda ya shirya ko ya aika abin da aka ga ya taɓa tarbiyya ko darajojin addini. Ban da hukuma ma akwai unguwa, wadda hukuncinta ya fi sauri. Abin da ya wajaba ga mai rubutu, ko me ya zaɓa wa kansa, shi ne kada ya jawo wa wani. Ƙauyen ya zama ƙirƙirarre, kada a ce garin Mai Wurno ko wata unguwa da aka sani a Gadarif. Kada a ɗauki siffar bazawarar da mutane za su iya nunawa da yatsa. Kada a sa hoton wata mace ta gaske a bango, ko da daga intanet aka tsinto shi. A garin da kowa ya san kowa, labarin ƙarya yana iya kashe auren gaske.

Saura ƙarshe, babi na goma sha biyu. Ƙarshe biyu ne masu arha, kuma duka ana yawan kama su. Ɗaya a kashe su, a sa wani malami ya yi jawabi a kan gawa, marubuci ya wanke hannunsa. Ɗayan a sa su a jirgi zuwa wata ƙasa mai sanyi inda wai babu mai damun kowa. Na farko ya mayar da littafin wa'azin da aka ɓoye, mai karatu ya ji an yaudare shi shafi ɗari. Na biyu ya gudu daga kogin da aka gina komai a kansa. Tatsuniya tana da nata hanyar rufewa da ta girmi duka biyun: rikiɗa, da "shi ya sa har yau". An biya abin da aka karya, amma wani abu ya saura a duniya da ake gani da ido. A misalinmu Hauwa'u ba ta dawo da ita tudu ba, kogi ba ya mayar da abin da ya karɓa. Abin da ta samo a wurin tsohuwar shi ne rangwame: sunan yana kiruwa muddin ƙafa tana cikin ruwa. Ta tsufa a ƙauyen, ana ce mata mai wankin da ba ya ƙarewa. Shi ya sa har yau, in ji mai ba da labarin, matan wannan ƙauye in za su faɗi abin da ba a faɗa a gida, sai su tattare zane su shiga ruwa zuwa gwiwa.

Buɗewa da rufewa na gargajiya kuma a sa su a bakin wata a cikin littafin, kada marubuci ya faɗe su da kansa. Wata tsohuwa ce za ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" a shafin farko, jikoki su amsa "ta zo mu ji ta", sannan a manta da ita har shafin ƙarshe. Can za ta ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", ta kore su su je su kwanta. In ana son mai karatu ya yi zargin ko ita ce Hauwa'un, abu ɗaya ya isa, kuma kada a ƙara masa ko kalma: ƙaramar jikar ta lura gefen zanen haboba a jiƙe yake, alhali tun la'asar ba a ɗebo ruwa a gidan ba.